Rarar Yadi a Cikin Riga

Yaya,

Ina gaishe ki gaisuwar wadda ta san ta yi laifi. Yaya shago, yaya bayan nan naki da ke ƙara duk sanda kika tashi daga kan keken ɗinki? Ina fatan kunnen bai ƙara toshewa ba. Da yana aiki da waya zan kira ki, amma na tuna kiranmu na ƙarshe, ina ta ihu a bakin titi har masu wucewa suka san sirrin gidanmu kaf, ke kuwa ba abin da kika ji. Saboda haka ga takarda a aljihun shuɗiyar riga kamar yadda muka saba, direba zai kawo miki ledar har shago.

Ki zauna kafin ki karanta sauran.

An yi min aiki. Ba haɗari na yi ba, ni na kai kaina da ƙafata. Likita ya yanke yawancin tumbina ya fitar, ya bar min ɗan siriri, don ƙibar nan ta sauka. An kusa wata da yi. Na san yanzu kin ajiye takardar kin dafe ƙirji, to ki ɗauka ki ji dalili.

Kin san gwiwoyina. Ajin da nake koyarwa a bene yake. Kullum sai na tsaya a tsakiyar matakala ina haki, yara ƙanana suna wuce ni suna "Sannu Malama, sannu Malama," kamar sun zo dubiya. Suga ya hau, jini ya hau. Likita ya ce in ban yi wani abu ba, ba da daɗewa ba a kujera mai taya za a riƙa tura ni aji. Na rage ci, na yi tafiyar safe har takalmi ya cinye, na sha jiƙe-jiƙen da ko sunansu ban iya faɗa ba. Jikin nan ko gezau. Sai na sa hannu a takardar amincewa a yi min aikin.

Duk dangi ke kaɗai na gaya wa. In za a bi dangantakarmu sai an hau har kan kakanni, kakarki da kakana su ne 'yan ɗaki ɗaya, amma ba wanda ya san jikina kamar ke. Tun ina 'yar firamare kike min ɗinki kina mitar ina cinye miki yadi. Sai dai gidanki da na Inna taku kaɗan ne, kuma na san bakinki. Don girman Allah kada Inna ta ji. Mahaifiyata ba ta san wata hanyar nuna so ba sai ta tukunya. In ta ji na ba da an yanke wurin da take zuba son nata, ban san da wane ido zan dube ta ba.

Jikin da sauƙi. Ramukan da suka huda min a ciki wajen aikin suna ja in na juya, kafaɗata ma na ciwo, sun ce iska ce za ta wuce. Abinci kuwa ya daina damuna gaba ɗaya, ko sha'awarsa ba na yi. Cokali biyu na romo, shi ke nan na tashi.

Rigunan da ke ledar duk sun yi min yawa, ki rage min su kafin hutu ya ƙare. Na san ba kya yarda da awon tef in ba ke kika riƙe shi ba, don haka na yi yadda kika koya min, na zagaya ƙyalle a ƙuguna na yanke daidai inda ya haɗu. Yana ɗaya aljihun.

Ƙanwarki


Randa,

Lafiyata ƙalau, bayan yana nan yana ƙararsa, kunnen kuma jiya i yau. Innarki ma lafiya. Jiya ta shigo shago ta zauna min a kan yadin mutane, ta yi ta ba ni labarin kajinta har azahar.

Yanzu ki tsaya in yi faɗana. Ke wace irin mutum ce? A kwantar da ke a yanka ki, ba uwa ba 'yar'uwa a bakin ƙofa? Da ba ki farka ba fa, wa za su kira, shugabar makarantarku? Na karanta takardarki sai da na soke yatsa da allura, abin da rabona da yi tun ina koyon ɗinki. Na yi kuka, na zage ki, na yi miki addu'a, duk a zama ɗaya. Wata mai kawo ɗinki ta tambaye ni lafiya, na ce mura ce.

To amma da na huce na fito da ƙyallen nan na miƙe shi a kan tebur, sai dariya ta kama ni. Ke ce wannan? Randar da Inna ta raɗa wa suna saboda in kika kafa kai a kofi ba kya ɗagowa sai kin ga gindinsa? Na gwada shi da tsohon awonki, ya ragu fiye da tafin hannuna. Na rataye shi a ƙusar da ke bayan ƙofa, duk na ɗaga kai sai na yi murmushi. Tunda kin ce abinci ya daina damunki, ai kin huta, 'yar nan. Mu da muke fama da kwaɗayi har cikin barci sai mu ce Allah ya ba mu irin naki.

Rigunan ga su nan na rage. Shuɗiyar ta ba ni wahala, don wuyanta ba ya son a taɓa shi, amma na lallaɓa ta. Ki sa ki hau benen nan da gudu, ki wuce yaran ki ce musu sannu.

Bakina kuwa na ɗinke shi. Innarki ta tambaye ni me ya sa kika aiko kaya, na ce zif ne suka lalace. Ta ce ai dole, jikin 'yarta ba na wasa ba ne. Har ta fara lissafin abin da za ta dafa miki in kin zo. Na sunkuyar da kai na ci gaba da taka keke.

Yayarki


Yaya,

Ina gaisuwa. Ki gaida Inna amma kada ki ce daga takarda. Jikina yana nan.

Kayan sun iso, na gode. Sai dai kafin su iso har sun sake yi min yawa. Na sa shuɗiyar ranar da aka koma makaranta, sai na ji wani abu yana tokare ni a haƙarƙari. Da na dawo gida na juya ta bai. Yaya, me na gani? Ba ki yanke komai ba. Duk yadin da ya kamata ki fitar kin naɗe shi kin kwantar a ciki, gefe da gefe, kin bi da dogon ɗinki wanda ko da farce za a iya farkewa. Na juya sauran, duk haka suke.

Na zauna a bakin gado da riga a cinya, raina ya yi mummunan ɓaci. Wato ajiye min kika yi. Kin riga kin yanke hukunci zan koma yadda nake, kina jira in aiko ki buɗe min, ki ce ai da ma kin sani. Ni an yanke min nama an jefar, ba a naɗe min komai a ciki ba, ba ranar da zan je in ce likita ya farke ya mayar min. Ke kuwa yadi ma kin kasa yankewa saboda ba ki yarda da ni ba.

Kuma don Allah ki daina ce min Randa. Wannan sunan ya mutu a ɗakin tiyata.

A makaranta kowa sai yabo. Shugaba ta tare ni a ƙofa ta juya ni kamar kayan sayarwa, tana cewa, "Kai, Malama, kin koma 'yar budurwa! Ki ba mu sirrin mana." Na yi dariya na wuce. Lokacin tara kowa ya buɗe kwanonsa a ofishin malamai, ni sai in ɗauki littattafan yara in ce gyara ya yi min yawa, in koma aji in rufe ƙofa. Ba na iya zama wuri ɗaya. In na zauna ƙirjina ya yi nauyi, in na tashi in ga allo yana lilo. Shekaranjiya ina rubuta musu lissafi alli ya faɗi daga hannuna, na dafa bango har abin ya wuce. Yaran sun zaci wasa nake, suka yi ta dariya, ni ma na taya su.

Benen dai ina hawansa yanzu ba tare da na tsaya ba. Wannan kam gaskiya ne, gwiwoyin sun yi shiru.

Ga rigunan na dawo da su, ga sabon ƙyalle. Wannan karon ki sa almakashi.

Ƙanwarki


Malama, tunda an hana ni sunan da na saba,

Muna lafiya. Aiki ya taso min, kayan 'yan makaranta sun cika shago har ba wurin sa ƙafa, a kan gwiwata nake rubuta wannan.

Na karanta faɗanki. Ke dai kin iya ɗora wa mutum laifin da ko mafarkinsa bai yi ba. Ki tambayi duk wanda ya taɓa kawo min ragin kaya, ban taɓa yanke rara ba. Mai ciki, mai jego, yaro mai tasowa, tsohon da ciwo ya ramar, kowa haka nake masa. Wadda ta koya min ɗinki da bulala ta koya min wannan, kuma ban ga dalilin canzawa a kanki ba. Ba jiranki nake ki koma ba. Hannuna ne bai iya ba. In kina son mai yanka, teloli sun cika garinku.

Sannan maganar ƙyalle. Na rataye shi kusa da na farko, na tsaya na dube su, na ce lallai yarinyar nan ta raina min hankali. A ɗan wannan lokacin mutum zai ragu haka? Na san abin da kika yi, don mata suna yi min shi kullum a shagon nan. Ki tsaya gaban madubi, ki haɗiye numfashi, ki ja ƙyalle har ya shige nama, don a ce an rame. In na ɗinka a kan wannan awon ko hannu ɗaya ba za ki zura ba, sannan ki ce na ɓata miki kaya. Yabon shugabarku ya hau miki kai, shi ke nan.

Ban taɓa rigunan ba. Biyu na mayar miki don kada ki rasa na sawa, ki ɗaure da ɗankwali a ƙugu kafin nan. Ki sake awo tsakani da Allah, ki saki cikinki, ki yi numfashi irin na mutane, sannan ki yanke. In ya zo zan yi aikina yadda na iya.

Jirin kuma ai yunwa ce. Ki riƙa cin abinci, ba a ce don an rage tumbi a daina ci ba.

Yayarki, ko kina so ko ba kya so


Ƙanwata,

Ina fatan kina lafiya, don ban san ko kina lafiyar ba. Direba ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, ba leda ba takarda. Na ce fushi ne, zai wuce. Na kira wayarki, na ga alamar an ɗauka, amma kin san ni, ko magana kika yi ko shiru ban sani ba.

Yau na tsare shi a tasha na ce ya gaya min wa ya ba kayan wancan karon. Ya ce wata mata ce ta zo, ya hana ta, ya ce shi Malama ya sani, mai jiki. Sai da ta faɗi sunan shagona ya ba ta. Ya ce da ta karɓi ledar sai ta zauna a kan benci ta daɗe, leɓenta duk ya bushe ya tsage. Ya saya mata ruwa, ta riƙe a hannu har ya tayar da mota bai ga ta kai baki ba.

Tun da ya faɗi haka na kasa zama a kan keke. Na ɗinka hannun riga a wuya, na farke, na sake ɗinka shi a wuyan. Ke ce za a ba ruwa ki riƙe?

Ki zage ni in kina so, amma ki rubuto.

Yayarki


Yaya,

Ina gaishe ki. Ba zan ce ina lafiya ba, na gaji da faɗin haka.

Ban ja ƙyallen ba. Ban haɗiye numfashi ba. Har yatsa na sa a tsakani don kada ki tsorata. Da na karanta takardarki na so in yi dariya, don ke kaɗai ce kika ga abin bai yi daidai ba, sai kika ɗauka ƙarya nake.

Ga gaskiyar. Ba abin da ke zama a cikina. Da farko nama ne, na bar shi. Sai ƙwai, na bar shi. Yanzu romo ma sai ya tsaya min a ƙahon zuci kamar na haɗiyi dutse, in yi ta zagaye ɗaki ina dukan ƙirji, daga taga zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa taga, har sai ya dawo. Ruwa nake ji wa ƙishi, Yaya, irin ƙishin da ban taɓa sani ba. In cika kofi in ajiye a gabana ina kallo. In na kurɓa kaɗan ya zauna, in na manta na ƙara, duk ya fito. Wani lokaci wanka nake shiga ba don datti ba, don kawai in ji ruwa a jikina. Gashina yana bin mataji. Fatar hannuna tana reto in na ɗaga in yi rubutu a allo, har na koma sa mai dogon hannu.

Kin ce in riƙa cin abinci. Sanda na rubuta miki cewa abinci ya daina damuna, ba murna nake ba, tsoro nake ji, ban dai san yadda zan faɗa ba. Kika ce na huta, sai na ji kunyar gyara miki.

Za ki ce in koma asibiti. Sun ba ni ranar komawa, ta wuce. Sun ba ni wata, ita ma ta wuce. Sun kira ban ɗauka ba. Na taɓa shiryawa har na kai bakin ƙofarsu, na ji warin maganin nan da suke goge ƙasa da shi, ƙafata ta ƙi shiga, na hau mota na dawo. Ina tsoron su ce sai an sake kwantar da ni an yanka. Me ya rage da za su yanka? Kuma da wane baki zan yi ƙorafi? Ba ciwo ne ya faɗo min daga sama ba. Ni na nema, ni na sa hannu, har godiya na yi musu. Duk wanda ke kan layin asibitin nan ƙaddara ce ta kawo shi, ni kuwa ƙafata ce.

Na yi nadama, Yaya. Ga shi na rubuta, ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina kewar in zauna a ƙasa kusa da Inna mu sa hannu a kwano ɗaya tana turo min nama gabana. Ina kewar in kafa kai in sha ruwa har in ji shi a yatsun ƙafa. Wata rana kuma in hau benen nan a guje, in tsaya a sama ba haki, in ce a'a, na yi daidai. Kafin a tashi daga makaranta na sake komawa nadamar. Haka nake yini, kaina ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, jikina ma haka.

Rarar yadin da na yi miki faɗa a kai, ba ke nake wa ba. Haushi na ji riga tana da hanyar komawa ni ba ni da ita.

Ga ƙyalle na uku, ba don ki yi ɗinki ba. Kuma alkawarinmu yana nan, kada Inna ta ji.

Ƙanwarki


Ƙanwata,

Ba gaisuwa yau, direba yana tsaye a kaina injin motarsa na kunne.

Ki yafe min. Kin aiko min da kuka na mayar miki da tsiya. Na rataye ƙyallen nan a bayan ƙofa ina nuna wa kaina ina murna, ashe ciwonki nake ado da shi. Yau na sauke su ukun na jera a kan tebur, kowanne ya fi ɗan'uwansa gajarta.

Yanzu ki buɗe kunnenki, ke da naki ke aiki. Maganar wai ke kika kai kanki, ki ajiye ta. Mutum nawa ke zuwa min da yadin da suka saya da kuɗinsu, suka zaɓi ɗinkin da bakinsu, ya fito ya matse su? Cewa nake su tafi da shi haka tunda su suka zaɓa? Zama suke in duba inda ya kama. Ban san aikin likita ba, ban kuma ce miki ba za su yanka ba, don ban sani ba. Abin da na sani shi ne mutum ba ya rayuwa ba ruwa.

Alkawari kuma, ga yadda za mu yi. Direba zai dawo ƙarshen mako. In ya zo min da takardar da kika rubuta daga cikin asibitin nan, bakina yana nan a ɗinke. In ya zo hannu rabbana, wallahi zan ɗauki ƙyallayen nan uku in je in jera su a cinyar Innarki in gaya mata na wane ne. Ki ce na ci amana, ki daina gaishe ni har abada, na yarda. Gara kina raye kina gaba da ni.

Ki tashi yanzu, kada ki tsaya neman rigar da ta yi miki daidai, babu.

Yayarki


Yaya,

Gaisuwa daga gado na kusa da taga, da roba a hannu ana min ƙarin ruwa. Rubutun zai karkace, ki yi haƙuri.

Ba don na ji maganarki na zo ba, don haushinki na zo. Na karanta takardarki na ce matar nan za ta aikata, na san ki. Tun daga gida har asibiti ina zaginki a zuci, zagin ne ma ya shigar da ni ƙofar ban ji warin ba.

Likita bai yi min faɗa ba, abin da ya fi ba ni kunya ke nan. Ya dube ni ya ce, "Malama, me ya sa kika zauna da wannan ke kaɗai?" Na buɗe baki in ba shi amsa sai kuka. Sun duba, suka ce hanyar da abinci ke bi ce ta tsuke wajen warkewa, yana faruwa ga wasu, ba wani abu na yi ba daidai ba. Ba su yanka ba. Sun sa ni barci, suka zura siririyar roba ta baki suka buɗe wurin kaɗan. Ya ce wataƙila sai an sake, kuma da na ƙara jinkiri da maganar ta fi haka. Akwai magungunan ƙarin jini da na ƙarfin jiki da zan riƙa sha har iya rayuwata, wannan ma sai yanzu na ji shi da kunnen gaske.

Da safen nan na sha rabin kofi. A hankali, kurɓi kaɗan-kaɗan, ina jira ya dawo. Bai dawo ba. Matar gadon kusa da ni ta ga ina hawaye a kan kofin ruwa, ta ce ko in kira nas.

Kada ki zaci nadamar ta tafi. Tana nan, ta dai matsa ta ba ni wurin zama. Abin da aka fitar ya fita. Akwai wata ma'aikaciya a nan da ke zama da irinmu ana magana, na ce zan je, mu ga ko zan iya.

Abu biyu nake roƙo. Shuɗiyar rigar tana wurinki. Ki farke ta gaba ɗaya, ki saki duk abin da kika naɗe, ta koma yadda take ranar da kika fara ɗinka ta. Ba sawa zan yi ba. So nake in ga matar da ke cikinta. Ta ɗauke ni shekara da shekaru, ta hau benen nan da ciwon gwiwa ba ta taɓa fashin aji ba, ni kuwa na shiga ɗakin tiyata ina tsine mata, ko sallama ban yi mata ba.

Na biyu, na cika sharaɗinki, bakinki ya zauna a ɗinke in kin so. Amma ni ce yanzu nake cewa ki farke shi. Ki gaya wa Inna. Ni ba zan iya ba, kuma na gaji da ɓuya. Ki zaɓi lokacin da ta ci ta ƙoshi.

Randa


Randa,

Alhamdu lillahi. Mu ma nan lafiya, bayan ma yau bai yi ƙara ba, ko ya yi ban ji ba.

Na farke shuɗiyar. Ta koma yadda take, sai dai sawun allura ya fito a gefe da gefe, na goga na goga ya ƙi ɓacewa. Haka za ki gan ta.

Da ita na je wurin Innarki, don ban san ta inda zan fara ba. Na shimfiɗa mata a cinya, na ɗora ƙyalle na ukun a kai, na faɗa mata komai da ƙarfi yadda na iya magana, ina jin har maƙwabta sun samu rabonsu. Na shirya wa kuka, na shirya wa zagi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana shafa rigar. Sannan ta matso daidai kunnena mai ɗan ji ta ce, "Tana shan ruwa?" Na ce rabin kofi. Ta ce, "To."

Ta tashi ta shiga ɗaki ta yi ta buɗe tsofaffin kwanuka. Na ce shi ke nan, za ta haɗa miki girkin da zai cika mota, har na fara shirya yadda zan hana ta. Sai ga ta ta fito da abu ɗaya a hannu.

Wannan takardar ba a aljihun riga za ki same ta ba, a hannunta za ki karɓa, don ta riga ta kama kujerar gaba a motar direba, rigar tana jakarta. Ta ce in rubuta miki kada ki wahalar da kanki ki ce za ki dafa mata wani abu, ita ma ba ta dafo komai ba. Ɗan ƙaramin kofin nan ne ta ɗauko, mai ɓallallen hannu, wanda ta koya miki shan ruwa da shi.

Yayarki